Doki 290 a takarda, sakan 14.4 a kan kwalta: wa ke ƙarya?

Nasiru: Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu ido su duba mini wani abu. Golf 6 GTI ɗin nan da na sauko da ita ta Lome, cikin akwatin gaba na tarar da takardar daino, wato injin awon ƙarfin mota, daga Beljiyam. Mai ita na farko ya sa an taɓa mata ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, an kuma sauya bututun hayaƙi na bayan turbo. Takarda ta ce ƙarfin injinta doki 290, alhali daga kamfani da 210 take fitowa. Jiya bayan azahar na ɗaura mata Dragy na wani abokina, ƴar na'urar da ke auna gudu da lokaci ta tauraron ɗan adam. Mita 402, tsawon da ƴan tsere ke awo da shi, ta cinye su a sakan 14.4, ta fita da gudun kilomita 160. Masu irin wannan aiki da nake gani a YouTube cikin sakan 13 da wani abu suke. To ko dai takardar bogi ce aka cusa don a ƙara mini kuɗi, ko wani abu ya mutu a motar. Ga hoton takarda, ga bidiyo.

Ɗan Tibiri: Wa alaikumus salam. Dawakin nan sun sha wuyar teku, wasu sun mutu a jirgi, wasu duwan ta riƙe. Ka gode Allah da waɗanda suka iso.

Nasiru: Kai dai ba ka da aiki.

Maigida Sani: Ƙarhe nawa ka yi gudun, kuma wane mai ka sa mata?

Nasiru: Wajen ƙarfe uku, Maigida. Mai kuma na gidan mai ne, sai dai shekaranjiya na ƙara kwalba biyu wurin ƴan ruwa-ruwa.

Maigida Sani: Ƙarhe uku na rana, cikin watan Afrilu, a Maradi, da man kwalba. Kai da kanka ka ba kanka amsa, ƙanena. Mota mai turbo ba ta son lokacin ga ko kaɗan. Amma bari malamai su yi lissahinsu, ni nawa sai na buɗe gaba na gani da idona.

Malam Isuhu: Na buɗe hoton takardar na ƙara girmansa. Nasiru, lamba ɗaya ka karanta, wadda aka rubuta da manyan haruffa, alhali lambobi huɗu ne a wurin. Na farko 241, shi ne abin da tayoyi suka sauke a kan gangunan da suke juyawa a injin awon, kuma shi kaɗai injin awon ya taɓa da hannunsa. Na biyu 42, asarar da ake yi tsakanin inji da taya, a giya da sandunan juyi da ita kanta robar tayar. Yadda suke samunta: bayan mota ta kai ƙarshen juyi sai a cire ta daga giya a bar ganguna su tsaya da kansu, a auna saurin mutuwarsu. An haɗa biyun an samu 283, wato ƙiyasin ƙarfin inji a ranar. Sannan sai gyaran yanayi. A ƙasan takarda an rubuta DIN 70020, zafin ɗaki digiri 24, matsin iska milibar 995. Ma'aunin DIN, na Jamus, yana mayar da komai kamar an yi awon a digiri 20 da milibar 1013. Idan ka raba 1013 da 995, ka ninka da ɗan abin da zafin ya ƙara, ƙarin yana kaiwa kashi biyu da rabi cikin ɗari. Ninka 283 da shi, ga 290 ɗinka.

Saboda haka takardar da wuya ta zama ƙirƙira. Mai ƙirƙira ba ya zama ya daidaita wannan lissafi. Amma 290 ɗin motarka ba ta taɓa fitar da shi ba ko a can Beljiyam, kwamfuta ce ta ce da za ta fitar da a ce iska ta fi haka kyau.

Ɗan Tibiri: Ni kartagiris ɗin tsohuwar Corolla ta ce doki 7. Malam a yi mini gyaran yanayi ni ma, ko na kai 70.

Malam Isuhu: Wancan dokin haraji ne, da shi ake yanka maka binyet da inshora. Babu ruwansa da gudu.

Rakiya: Ina so in ƙara kan maganar Malam, domin gyaran yanayin nan a mota mai turbo akwai magana. An tsara shi ne don injin da ke shaƙar iska da kansa. Irin wannan inji in iska ta yi sirara, ƙarfinsa yana faɗuwa kusan daidai da sirantarta, don haka mayar masa da abin da ya rasa adalci ne. Mota mai turbo kuwa ƙwaƙwalwarta tana da matsin da take nema. In iskar waje ta ragu sai ta ƙara rufe ƙofar hayaƙi, turbo ya ƙara juyi, ta cike giɓin da kanta. To ta riga ta rama, kuma sai kwamfutar daino ta sake rama mata a takarda. An biya bashi sau biyu ke nan. Ni a irin wannan mota lambar da ba a gyara ba nake dubawa, 283. Kuma dokin Turai ne, wat 735.5, na Amurka da Ingila wat 745.7 ne. A nasu lissafin 283 ya koma 279.

Nasiru: Daga 290 an sauko da ni 279 ban ko tashi daga inda nake zaune ba. To kwalta me ta ce?

Malam Isuhu: Akwai lissafin da wani injiniyan Amurka, Patrick Hale, ya fitar daga sakamakon tsere. Asalinsa da fam da mil ne, amma in an juya shi zuwa namu ga yadda yake: ka raba gudun da ka fita da shi a ƙarshen mita 402 da 289, abin da ka samu ka ninka shi da kansa sau uku, sannan ka ninka da nauyin mota da duk abin da ke cikinta a kilo. Golf 6 GTI tana wajen kilo 1,400. In sa kai da mai da tayar safiya, mu ce 1,500. Gudu 160. Abin da ya fito doki 255 ne, ko ƙasa da haka kaɗan. Da a ce 290 na nan, da 167 za ka gani.

Laminu Katsina: To ai an gama magana. An cuce shi da doki 35. Na sha faɗa a gidan nan, duk wanda ya nuna maka takarda ka ce ya zo titi. Takarda kowa ma yana iya bugawa a shagon kwamfuta.

Habu: Ku dakata. Na kalli bidiyon da kyau. Nasiru, hannayenka biyu suna kan sitiyari. Wa ke riƙe da waya?

Nasiru: Mai Dragy ɗin ne, yana kujerar gefe.

Habu: Daga jin yadda yake salati ba ƙaramin mutum ba ne. Malam, a sa shi a sikeli.

Malam Isuhu: In na ba shi kilo 75, nauyi ya zama 1,575, doki sun koma 267. Tsakaninsu da 279 saura 12.

Laminu Katsina: Haba Malam. Ɗazu 255, yanzu 267. In aka gano akwai buhun gero a but sai ta kai 300. Lissafin da ke tafiya haka ina amfaninsa?

Malam Isuhu: Lissafin bai tafi ko'ina ba, Laminu, nauyin da aka ba ni ne ya sauya. Kuma ban ce wahayi ba ne. An ciro shi daga matsakaicin motoci masu yawa, yana iya kuskure da kashi biyar cikin ɗari sama ko ƙasa, domin bai san faɗin gaban motarka ba, bai san tazarar giyarta ba. Abin da ya sa ake riƙe da shi, gudun ƙarshe ba ya yaudaruwa da sauƙi. Ko ka yi mummunar tashi, taya ta yi ta kuka a farko, gudun da za ka fita da shi ba zai sauya da yawa ba, don mafi yawan hanyar inji ne ke aiki da nauyi da iska. Sakan kuwa tashi ce ke cin rabinsu.

Habu: Nan ne nake son zuwa. Nasiru, Dragy tana ba da lokacin mita 18 na farko, wato ƙafa 60. Nawa ta ba ka?

Nasiru: 2.4.

Habu: To ga inda sakan ɗinka suka zube, ba a inji ba. Ni nan Abu Dhabi ina zuwa kallo filin Yas Marina in an buɗe layin tsere da dare. Kafin a fara, ana share wurin tashi, a fesa wani gam, a bi da tsofaffin tayoyi a goge har roba ta kwanta. In ka taka da takalmi sai ka ji yana kama ka. Masu mota suna rage iskar taya, su ƙona ta ta yi ɗumi kafin su tsaya a layi. Mota mai jan gaba irin taka a wurin tana iya yin 2.0 ko ƙasa. Kai kuma ka tashi a kan kwaltar da rairayi ya kwanta mata, da tayoyin da suka zo da motar, Allah kaɗai ya san shekarunsu. Kuma mai jan gaba in ta zabura nauyi baya yake komawa, ya bar tayoyin da ke ja ba abin da ke danna su. Ka saurari bidiyonka, giya ta ɗaya duk kuka ce, ta biyu ma sai da fitilar santsi ta yi ƙyaftawa.

Ƴan tsere suna da ƙa'ida: duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a mita 18 na farko, yana rage maka ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshe. Daga 2.4 zuwa 2.0 huɗu ke nan, ka ga ka dawo 13.6 zuwa 13.8. Su ne lambobin da kake gani a YouTube kana jin haushi.

Ƙari kuma, a filin gaske agogo ba ya farawa sai taya ta bar hasken da ke layi, wajen santimita 30 mota ta riga ta motsa kyauta. Wannan kaɗai yana kaiwa 0.2 zuwa 0.3 na sakan. In za ka gwada kanka da wani, fara sanin ko da wannan kyautar aka ƙidaya nasa.

Malam Isuhu: Lissafin Hale na lokaci ma haka ya ba ni. Kilo 1,575 da doki 267, in tashi ta yi kyau, sakan 13.7.

Ɗan Tibiri: Ni dai allurar gudu nake kallo a bidiyo, ta kusa 170. Ku kuna ta 160. Motar da kanta ta faɗi gaskiya kun ƙi ji.

Rakiya: Allura ba shaida ba ce. Dokar Turai ta hana ta nuna ƙasa da gudun gaske, amma ta yarje mata ta wuce da har kashi goma cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Don haka kamfanoni da gangan suke sa ta ɗan ƙara. Manhajar waya ma kada wani ya kawo mana, galibin wayoyi sau ɗaya a sakan suke karanta tauraro, a gudun 160 kuwa mota tana cin mita 44 a sakan guda. Dragy sau 10 ko fiye take karantawa.

Alhaji Mamman: Na yi shiru ina karatu, amma akwai tambayar da ba wanda ya yi. Nasiru, a ina ka yi wannan gudu?

Nasiru: Bayan gari ne, Baba Alhaji, wani miƙaƙƙen wuri. Ba kowa a lokacin.

Alhaji Mamman: Ba kowa sai ran da aka samu kowa. Ni na yi shekaru ina bin hanyar Dan Isa zuwa Jibiya da ta Caduwa. Babu miƙaƙƙen wurin da amalanke ba ta ɓullowa daga gona, ko akuya, ko yaro da tallan ƙosai, ko ɗan kabu-kabu ya juya ba ko waiwaye. Habu yana ba ku labarin fili mai katanga da motar kashe wuta da ta asibiti a tsaye, ku kuna kwaikwayonsa a hanyar da jaki ke bi. Malam, tunda kai ne mai lissafi, gaya masa mita nawa yake buƙata ya tsaya daga 160.

Malam Isuhu: A kwalta mai kyau da taya mai kyau, birki kaɗai ya haura mita 100. Ka ƙara mita 44 na sakan ɗin da ido ke gani kafin ƙafa ta taka. A kan rairayi abin ya fi haka nesa.

Alhaji Mamman: To kun ji. Ba na hana a yi maganar inji a gidan nan, don ita aka buɗe shi. Amma duk wanda ya sake sa bidiyon gudu a hanyar jama'a zan goge.

Nasiru: Na ji, Baba. Allah ya huci zuciyarka.

Maigida Sani: Alhaji ya yi gaskiya. In koma kan mota. Malam shina cewa saura doki 12, ni ban yarda 12 ba ne kawai. Nasiru, hoton Dragy da ka sa, can ƙasa akwai gangara. Mi ta rubuta?

Nasiru: Ta rubuta 0.6 cikin ɗari, da alamar ragi.

Maigida Sani: Ato. Gangara ka bi.

Malam Isuhu: Wannan ya shige mini. Gangarar kashi ɗaya cikin ɗari, a mota mai kilo 1,575 tana gudun 150, kamar an ba ta kyautar doki kusan 9 ne. Ta 0.6 mu ce 5. To an dawo wajen 262. Ba a kuma san inda iska ke kaɗawa ba. Shi ya sa masu awon gaske suke yin zuwa da dawowa su raba biyu.

Laminu Katsina: Kun gani ko? 255, 267, 262. Kowa ya zo da nasa. Ni har yanzu ina kan bakana, titi ne alƙali, daino kasuwanci ne. Akwai wani a nan Katsina da ya kai mota Legas aka auna, ya sake aunawa wani wuri, tazarar ta fi doki 20. Mota ɗaya, mai ɗaya.

Rakiya: Wannan ba abin mamaki ba ne, Yaya Laminu, kuma ba lallai wani ya yi ha'inci ba. Injinan awon ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ganga mai nauyi kawai, irin Dynojet da aka fi sani, mota tana juya gangar, kwamfuta ta lissafa ƙarfi daga saurin da gangar ke ɗauka. Akwai mai birkin lantarki da ke riƙe motar ya sa ta yi aiki kamar tana hawa tudu, irin Mustang. Akwai wanda ake kwance tayoyi gaba ɗaya a ɗaura shi a kan cibiya, irin Dynapack, shi babu santsin taya ko asararta. Sananne ne tsakanin masu harkar cewa Dynojet ya fi Mustang ba da lamba mai tsoka. Ko a inji ɗaya, yadda aka ɗaure motar, iskar taya, giyar da aka ja, girman fankar da aka sa a gaba, ma'aunin gyaran da aka zaɓa, duk suna motsa lamba. Ma'aunin gyara na SAE J1349 digiri 25 yake ɗauka, wanda ake kira STD kuwa wajen 15.6, tsakaninsu kusan kashi huɗu cikin ɗari, kuma danna maɓalli ɗaya ne.

Kamar tiya ce a kasuwa. Ta wannan ɗan kasuwa da ta wancan ba su cika zuwa daidai ba, amma in da tiya ɗaya ka auna geronka jiya da yau, za ka san ko ya ƙaru. Amfanin daino ke nan: a auna mota kafin aiki, a auna bayan aiki, inji ɗaya, rana ɗaya. Kuma a kansa ne mai saita ƙwaƙwalwa zai riƙe inji a juyi 4,000 a minti ya duba mai da wuta da zafin hayaƙi hankali kwance, abin da ba ya yiwuwa a hanya. Takardar Nasiru abin da ta rasa shi ne layin farko, na kafin a taɓa motar. Da yana nan da mun san ainihin abin da aikin ya ƙara.

Laminu Katsina: To ai kin dawo maganata. Lambar ita kaɗai ba ta da amfani.

Rakiya: Babbar lambar ita kaɗai, e. Amma zanen da ke takardar yana da amfani, shi ne ba wanda ke kallo. Ku duba layin ƙarfin murɗa: ya haura tun wajen juyi 2,500, ya yi tudu, daga 5,000 ya fara gangarowa sosai. Halin ƙaramin turbo ke nan da aka matsa masa. A tsakiya yana da ƙarfi, a sama numfashinsa yana ƙarewa. A mita 402 kuwa mota tana zaune ne tsakanin juyi 4,500 da 6,500 kusan duk tafiyar. Motoci biyu suna iya zuwa da lamba ɗaya a ƙoli, wadda layinta ya fi faɗi a wannan tsakanin ta wuce ɗayar. Titi kuma bai fi daino tsarki ba, ka gani da idonka, fasinja da gangara kaɗai sun yi wasa da doki fiye da goma.

Maigida Sani: Bari in gaya muku abin da nake gani in na kwance gaban irin motar ga. Radiyatar iska, wadda ke sanyaya abin da turbo ya hura, a tsakiya take, an matse ta tsakanin ta kilim a gaba da ta ruwa a baya. Iskar da za ta kai gare ta sai ta bi ta cikin ta kilim tukuna. In ka kunna kilim ka yi ta yawo cikin gari, ka tsaya kana saita na'ura, ƙarhen nan ya riga ya gasu tun ba ka taka ba. Ga ƙura. Bayan hunturu ɗaya in ka raba su sai ka iske tsakaninsu tabarma guda ta ƙasa da gashin kaji da ledar ruwa da ta narke ta manne. In ka haska tocila ta baya ba ka ganin haske ta gaba. Na sha wanke wannan kawai mai mota ya dawo shina tambaya mi na ƙara ma injin.

Kuma program ɗin da aka sa mata can, don man Turai mai oktan 98 aka rubuta shi, a garin da zahi bai dame su ba. In ta ji iska ta yi zahi, ko mai ya hwara ƙwanƙwasa, ƙwaƙwalwa sai ta ja wuta baya don ta ceci pisto. Ba ta kunna maka hitila, ba ta gaya maka, ƙarhi ne kawai ke zubewa. Man kwalba kuwa ba ka san rana nawa ya yi a rana ba, ba ka san mi aka gauraya ba.

Malam Isuhu: In sa wa maganar Maigida lamba. Iska mai digiri 43 ta fi mai digiri 24 sirantaka da wajen kashi shida cikin ɗari. Maradi kuma tana sama da teku da abin da ya kusa mita 400, matsin iskarmu ya gaza na ɗakin da aka yi awon da wajen kashi uku. Kamar yadda Rakiya ta ce, turbo zai yi ƙoƙarin ramawa, amma wanda dama yana bakin iyakarsa a babban juyi ba shi da sauran abin bayarwa. Kuma iskar da aka matsa fiye da ninki biyu, in ta shiga da digiri 43, tana iya fita daga turbo sama da digiri 150. Radiyatar iska ba ta da yadda za ta yi ta sauko da ita ƙasa da zafin waje, ko kusa da shi ma sai tana da tsabta. A ɗakin daino ja ɗaya ake yi a giya ɗaya, na ƴan sakan, ga ƙatuwar fanka, a huta, a sake.

Nasiru: To yanzu ni me zan ce wa wanda ya sayar mini? Don har na rubuta masa saƙo ban tura ba.

Alhaji Mamman: Goge shi. Mota ya sayar maka, takarda a ciki ka same ta.

Habu: Mota mai shekara fiye da goma, cikin zafin Afrilu, da mutum biyu, ta nuna 260 da wani abu. Ni da tawa ce da ban yi ƙorafi ba.

Laminu Katsina: Ni da tawa ce da na daina cewa 290 a majalisa.

Ɗan Tibiri: Ya riga ya buga sitika a gilashin baya, Laminu. Na gan ta ran Juma'a wajen babbar kasuwa.

Rakiya: Kafin a yanke cewa zafi ne kawai, a ɗauki rikodi. Da na'urar OBD, wadda ake jonawa a mota ta karanta ƙwaƙwalwa, da manhajar VCDS ana ganin abu huɗu: matsin da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda turbo ya bayar, zafin iskar da ke shiga inji, yawan wutar da aka ja baya a kowace silinda, da matsin mai a babban famfo. In matsin da aka nema da wanda aka samu sun rabu, akwai yoyo ko bawul ɗin mayar da iska ya yage, sanannen ciwon injinan nan ne. In silinda ɗaya ce ke yawan jan wuta, a duba buji da kwayil. In duka huɗun ne tare, mai ne ko zafi. Wannan ba ya buƙatar tashi daga tsaye ko kai 160, ja ɗaya a giya ta uku ya isa.

Alhaji Mamman: Giya ta uku a motar nan har nawa take kaiwa, ƴata?

Rakiya: In an kai ta ƙarshe ta wuce 120, Baba. Amma daga juyi 2,500 zuwa 5,000 ma za a ga abin da ake nema.

Alhaji Mamman: To a tsaya a 5,000 ɗin.

Maigida Sani: Nasiru, kawo ta garaji gobe bayan asuba tun inji na sanyi. In hwara hura mata iska a bututu in ji ko tana yoyo, sannan mu kwance gaba mu wanke radiyatoci. Bawul ɗin iska a jikin turbo yake, ƙusa uku ne, sai an shiga ta ƙasa. In cikin inji ma na leƙa na ga baƙin gawayi ya toshe bawul na shiga, wannan aikin yini guda ne, kuɗinsa daban. Kada ka ƙara mata mai yau, ina son in ga abin da ke cikin tanki yadda yake.

Nasiru: Nawa zan riƙo, Maigida?

Maigida Sani: Jaka goma na wanki da dubawa. Ka biyo ta wurin mai kayan gyara ka tambayi buji huɗu, amma kada ka saya sai na ga naka.